Ɗan Kamasho Ya Yi Shiru

Shekara goma sha tara ina kira a tashar Garwa:
Marwa! Gidar! Figil! Saura mutum ɗaya!
ko da motar wayam take.
Da maƙogwaron nan na yi aure,
da shi na ɗora kwano a kan ɗakina na Lopere.
Ranar Talata aka shiga cikinsa da ƙarfe,
aka ciro 'ya'yan wuyan da suke kwantar da ni
sau shida, sau bakwai a shekara.

Dakta Hamajoda bai ɓoye mini ba.
Ya ce, da yaro ne kai, da mako guda ka manta,
amma tsohon nama ba ya yafe wa wuƙa da wuri.
Sha magani kan lokaci, kar ka jira zafi ya yi sallama.
Sha ruwa, ko da hawaye.
In ka ga jan jini, kar ka nemi shawarar kowa, taho.

Ashe haka mutum yake yawan haɗiyar yawu?
Ban taɓa ƙirgawa ba
sai da kowace haɗiya ta zama fasasshiyar kwalba.

Lantana ta sa wa wayarta ƙararrawa,
ƙarfe uku na dare take tashe ni,
ƙwaya a tafin hannu, kofi a ɗayan.
Nakan dubi ƙwayar kamar mai bina bashi.
Ƙanƙarar leda ta sefa hamsin, a naɗe cikin tsumma,
ita ce sarƙar wuyana yanzu,
kafin ta huce ni zafin garin ya shanye rabinta.

Kunun gyaɗa ba tsamiya, shi ma sai ya yi sanyi.
Ni da nake wa kifin Binuwai wanka da yaji!
Da magariba hayaƙin mai tsire yakan tsallako katanga,
ya zauna kusa da ni, ya yi mini dariya, ya wuce.

Kwana na shida na ɗauka an tsallake,
sai ciwon ya yi ƙaura zuwa kunne,
kunnen da ba wanda ya taɓa shi.
Na haska tocila a madubi, na ga fari fat a ciki,
gabana ya faɗi.
Asta ta kira asibiti a madadina,
aka ce ɓawon warkewa ne, ba ruɓa ba,
kuma kwanakin nan dama sun fi na farko cizo.
Ta rubuta a bayan littafin lissafinta:
Baba ya sha kofi biyar. Bai yi faɗa ba.

Baba Njidda ya zo dubiya da sandarsa,
ya ce a zamaninsu wanzami ne, da safe, an gama,
ya ajiye zuma da citta da lemon tsami.
Na karɓi zumar. Sauran na gode da hannu.

An ce Bakari ne yake kira a wurina,
an ce muryarsa kamar ta ɗan zakara,
an ce duk da haka motoci suna cika.
Wannan ma na haɗiye shi, ba ruwa.

Cikin shirun nan na ji abin da ban san gidana yana da shi ba:
ƙofar kicin tana kuka,
autana yana magana da kaji,
Lantana tana tari da asuba, tun yaushe, ban sani ba.

Yau kwana goma sha ɗaya.
Na haɗiyi loma biyu ta shinkafa mai laushi,
ta wuce, da ƙyar, amma ta wuce.
Na kira Lantana a hankali,
ta waiwayo tana neman baƙon da ya shigo,
ba ta taɓa jin sunanta ba tare da ihu ba.
Na ɗaga mata takardar maganin.
Saura ƙwaya ɗaya, na ce,
kuma wannan karon gaskiya na faɗa.